Amsoshin Tambayoyinku: Za a Iya Sa Ƙananan Fitilun Gefen Mota Su Riƙa Ci Tsaye?

Tambaya: Ina da tsohuwar mota 'yar Kwatano mai ƙananan fitilu ruwan ɗorawa a jikin modigadi, ɗaya dama ɗaya hagu. Ba sa kamawa sai na sa sigina. Na wani abokin aikina kuwa tsaye suke ci, ba ƙyaftawa, kuma abin ya ba ni sha'awa, musamman da yake ina yawan bin hanyar Zariya zuwa Funtuwa da asuba a lokacin hazo. Mai wayarin na unguwarmu ya ce aikin minti goma ne, waya ɗaya zai jawo daga makulli. Shin zan iya sa su riƙa ci muddin mota tana kunne? Akwai illa? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Za a iya, kuma kayan aikin ba su da tsada. Sai dai ba da waya ɗaya daga makulli ba. Kafin a taɓa komai, ka yi haƙuri mu duba mene ne waɗannan fitilu, domin naka da na abokin aikinka sun yi kama a ido ne kawai, aikinsu daban.

Bisa yadda ka kwatanta, motarsa don kasuwar Amurka aka ƙera ta. Dokar can ta wajabta wa motocin da aka ƙera daga farkon 1968 su zo da alama a gefe, ko fitila ko gilashi mai ƙyalli idan haske ya doke shi. Daga 1970 aka ce sai an haɗa duka biyun, ruwan ɗorawa a gaba, ja a baya. Dalilin shi ne mahaɗar hanya da dare. Motar da ke gitta gabanka, manyan fitilunta gaba suke kallo, na bayanta baya suke kallo, kai kuwa gefenta kake fuskanta. Waɗannan 'yan fitilu su ke nuna maka tsawonta, launinsu kuma ya gaya maka ina ta dosa. A layi ɗaya suke da fitilun fakin da jajayen fitilun baya, shi ya sa suke kamawa da zarar an murɗa makunnin fitila zuwa mataki na farko.

Turai ba ta ɗora wa ƙananan motoci wannan ba. Fitilun gefe masu ci tsaye, abin hawan da tsawonsa ya wuce mita 6 aka wajabta wa, shi ya sa kake ganinsu jere a jikin tirela da manyan bas. Abin da ake sa wa ƙaramar mota shi ne ƙarin sigina a modigadi ko a jikin madubi, don wanda ke kafaɗa da kafaɗa da kai, wanda ba ya iya ganin siginarka ta gaba ko ta baya. Irin wannan ce a motarka. A titunanmu kuwa, inda mai babur da mai Keke Napep ke kutsowa ta gefen da ba ka zata ba, ina ganin babu ƙaramar fitilar da ta kai ta amfani. Duk gyaran da zai hana ta ƙyaftawa, garin neman gira ne a rasa ido.

To, ga abin da wayar minti goma za ta jawo. Idan mai wayarin ya yanke fitilar daga layin sigina ya ba ta wuta daga makulli, za ta ci tsaye, amma ka rasa siginar gefe. Idan kuma bai yanke ba, ya ɗora sabuwar wayar a kan tsohuwa, wutar makulli za ta bi layin siginar gaba ɗaya, ƙwayayen gaba da na baya su kama su tsaya cak. Abin da ya fi muni, ranar da ka kashe mota ka sa dobul sigina a bakin hanya, wuta za ta koma da baya ta wannan waya ta shiga layin makulli, layin da ke ciyar da abubuwa masu cin wuta da yawa. Siririyar waya ba za ta ɗauka ba. Ko fiyus ya ƙone, ko, idan ba a sa fiyus ba, robar wayar ta narke a ƙarƙashin dashbod.

Sai batun hazo, wanda shi ne ainihin damuwarka. A nan ba zan ɓoye maka ba, waɗannan fitilu ba za su yi maka abin da kake fata ba. Ƙwan da ke cikinsu na wat 5 ne ko ƙasa da haka. Ana auna ƙarfin haske da kandela, kandela ɗaya kusan hasken kyandir guda ce, kuma irin wannan ƙwai tsakanin 2 zuwa 4 yake bayarwa, tun kafin murfinsa mai launi ya rage wani abu. Fitilun da aka ƙera musamman don tafiyar rana, waɗanda kake gani farare tas a fuskar sababbin motoci, ƙa'idar da Turai ke bi ta ce kowace kada ta gaza kandela 400, kada ta wuce 1,200. Suwidin ta wajabta tafiya da fitila da rana tun 1977, Kanada ta wajabta wa sababbin motoci daga Disambar 1989, Tarayyar Turai kuma daga Fabrairun 2011 ga sababbin samfuran ƙananan motoci. Dukkansu fitila mai kallon gaba suke nufi, don direban da ke tahowa ya hango ka kafin ya fito wuce wata mota. Fitilar gefe ba gaba take kallo ba, haskenta kuma bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na wancan ba.

Saboda haka a hanyar Funtuwa da asuba, ka kunna manyan fitilunka a dim. Kada ka sa fol, domin ƙurar da ke cikin iska za ta dawo maka da hasken a ido. Kunna dim yana kama jajayen fitilun baya tare, su ne kuwa za su hana mai gudu a bayanka ya afka maka. Wannan ba ya buƙatar a yanke ko waya ɗaya.

Inda gyaran da kake so yake da amfani na gaske shi ne da magariba da dare, a mahaɗa da shatale-tale da kan titin da babu fitilun gwamnati. Nan ne fitilar gefe mai ci tsaye take sa a gan ka. Kuma akwai hanyar da za ta yi aiki biyu, ta ci tsaye, ta kuma ƙyafta idan ka sa sigina. Tsohuwar dabara ce, kamfanin General Motors da na Jeep sun daɗe suna fito da motoci da ita daga masana'anta.

Ƙwan fitilar gefe waya biyu gare shi. Ɗaya tana kawo wuta daga layin sigina, ɗayar kuma wayar ƙasa ce, wato wadda ke ɗaure a jikin ƙarfen mota, ta inda wuta ke komawa batir. Sai a yanke wayar ƙasar. Guntun da ya nufi jikin mota a rufe bakinsa a ajiye, guntun da ke jikin ƙwai kuma a ƙara masa tsawo a haɗa shi da wayar wutar fitilar fakin ta wannan gefen. Shi ke nan. Yanzu ƙwan yana tsakanin layi biyu, kuma babu ƙafarsa ko ɗaya da ke taɓa jikin mota.

Mutane da yawa, har da wasu masu wayarin, sukan ce ƙwai ba zai kama ba tunda ba shi da ƙasa. Yana kamawa, ga dalili. Wutar lantarki kamar ruwa take tsakanin tanki biyu da aka haɗa da tiyo: idan ɗaya cike yake ɗaya wayam, ruwa zai gudana, idan duka cike suke daidai, ba abin da zai motsa. Da dare ka kunna fakin, ƙafa ɗaya ta sami volt 12. Ɗaya ƙafar tana layin sigina, wanda a kashe yake, amma layin yana da hanyar zuwa ƙasa ta siririn zaren da ke cikin manyan ƙwayayen sigina. Ta nan wutar ke wucewa. Ƙwan sigina na wat 21 yana buƙatar amfiya kusan 1.75 kafin ya haska sosai, ƙaramin na wat 5 kuwa ba ya barin abin da ya wuce amfiya 0.4 ya ratsa shi. Don haka ƙaramin ya kama, babban ko ja bai yi ba. Da ka sa sigina, duk lokacin da babban ya haska, ƙafafun ƙaramin biyu suna da volt 12 daidai, sai ya mutu. Babban ya mutu, ƙaramin ya dawo. Karɓa-karɓa suke yi. Da rana kuma, fakin a kashe, wutar sigina ta shiga ta ƙafa ɗaya ta fita ta zaren ƙwayayen fakin da na baya, ƙaramin ya ƙyafta tare da babban, yadda ka saba gani.

Dabarar tana da sharuɗɗa, kuma a nan ake yawan samun matsala. Dole mazaunin ƙwan ya zama na roba mai waya biyu. Idan jikinsa ƙarfe ne da ke samun ƙasa ta kusoshin da aka ɗaure shi, sai an canza shi. Dole kuma ƙwayayen su zama masu zare. Yawancin ƙwayayen LED ta hanya ɗaya kawai wuta ke bi ta cikinsu, a nan kuwa da dare ta wannan gefe take shiga, da rana ta wancan. Idan ka sa irin wannan a gefe, zai yi aiki ɗaya ya bar ɗaya. Idan kuma manyan ƙwayayen siginar ne aka mayar LED, hanyar zuwa ƙasa ta toshe, sai ka ga fitilar gefe ta ƙi kamawa, ko siginar tana ɗan haske dishi-dishi ba a kunna ta ba.

Sharaɗi mafi girma shi ne shekarun motar. A tsofaffin motoci, makunni da fiyus da waya ne kawai tsakanin batir da ƙwai. A na baya-bayan nan, wata 'yar kwamfuta ce ke raba wa kowace fitila wuta, tana kuma auna abin da kowace ke ci don ta gane ƙwan da ya mutu. Peugeot 307 da ta fito a 2001 da Golf 5 da ta fito a 2003 duk irin wannan tsari gare su. Idan aka haɗa layi biyu ta cikin ƙwai a irin waɗannan, kwamfutar za ta ga wuta inda ba ta aika ba, ta kunna alamar gargaɗi, ko ta kashe layin, wani lokaci ma ta lalace, kuma kuɗinta ya ninka kuɗin wannan aiki sau da yawa. Idan motarka tana nuna maka a dashbod cewa ƙwai kaza ya mutu, to ka bar wayoyinta yadda suke. A wasu irinsu da na'ura ake shiga a canza yadda fitilu ke aiki, ba da almakashi ba.

Ni dai, ko a tsohuwar mota, na fi son a ƙara rile guda mai ƙafa biyar, irin baƙin nan mai kusurwa huɗu da ake samu wurin duk mai sayar da kayan wutar mota. A ƙarƙashinsa za ka ga lambobi: 30, 85, 86, 87 da 87a. Wayoyin ƙasa na fitilun gefe biyu da aka yanke, a haɗa su wuri ɗaya a kai su ƙafa ta 30. Ƙafa ta 87a da ta 85 su tafi jikin mota. Ƙafa ta 87 ta karɓi wuta daga batir ta cikin fiyus nata na kanta. Saura ta 86, ita ce mai ba rile umarni. Muddin ba ta sami wuta ba, 30 tana manne da 87a, fitilun suna da ƙasarsu kamar yadda suka fito daga masana'anta, sigina da dobul sigina suna aiki daidai. Da ta sami wuta, 30 ta koma kan 87, fitilun su ci tsaye, su riƙa ɗaukewa duk lokacin da sigina ta haska. Kyawun wannan shi ne babu wutar da ke komawa da baya cikin layin fakin ko na makulli, kuma ko an sa LED a fitilun fakin ba ruwansa. Ƙwayayen sigina da na gefen dai har yanzu sai masu zare.

Amsar tambayarka tana kan wannan ƙafa ta 86. Idan aka haɗa ta da layin fakin, fitilun za su ci tsaye duk lokacin da ka kunna fitila. Idan aka haɗa ta da layin da ke samun wuta sa'ad da makulli ke kan matakin tafiya, za su ci muddin mota tana kunne, yadda ka nema. A kula, matakin tafiya, ba matakin da rediyo kaɗai ke kamawa ba, don kada ka zauna sauraren labarai su yi ta ci a banza.

Shawarata ka zaɓi layin fakin. Da rana haskensu ba ya ƙara maka komai, kamar yadda na faɗa. Sannan an ƙera gidan wannan fitila ne don ƙwan da ke kamawa yana mutuwa na 'yan daƙiƙoƙi, ba don ya wuni yana ci ba. Ƙwai na wat 5 a cikin ɗan ƙaramin gidan roba, a kan ƙarfen da ranar watan Afrilu ta gasa, yana iya dusar da murfin ko ya narkar da mazauninsa. Akwai kuma mai babur da ke waigowa sau ɗaya kawai: ya ga ruwan ɗorawa a gefenka da rana tsaka, ya ɗauka kwana za ka yi. Abu na ƙarshe ya shafi kai direba. Wanda ya saba wasu fitilunsa suna kamawa da kansu yakan manta bai kunna sauran ba, ya yi ta tafiya bayan magariba bayan motarsa duhu ƙirin. Matsalar ta kai Kanada ta sake doka: daga Satumbar 2021, sabuwar mota ko dai fitilun baya su kama tare da na rana, ko manyan fitilu su kunna kansu idan duhu ya yi, ko dashbod ya zauna ba haske har sai direba ya kunna fitila.

Ga masu karatu irin abokin aikinka, waɗanda nasu fitilun tun asali tsaye suke ci, abin ya fi sauƙi. In suna so su riƙa ƙyaftawa, wayar ƙasar ake yankewa a kai ta layin sigina, sakamakon ɗaya ne da wanda na bayyana. In kuma so suke su kama da makulli, kada a ɗora waya kai tsaye a kan layin fakin, domin jajayen fitilun baya da ta lamba da na dashbod duk za su kama, a motoci da dama ma hasken agogo da na rediyo zai rage har ba a iya karanta su da rana. A raba fitilun gefen daga layin, a ba su wuta ta rile: ƙwai a 30, wutar makulli mai fiyus a 87a, tsohuwar wayar fakin a 87 da 86, 85 a jikin mota. Haka za su ci gaba da kamawa ko an ajiye mota a bakin titi da fakin kawai.

Yanzu ingancin aikin, wanda shi ya fi damuna, domin wutar da ke cin mota sau da yawa daga ƙaramar wayar da aka ƙara take tashi. A cire kan batir na ƙasa kafin a yanke komai. Kada a dogara da launin waya, kowane kamfani da nasa, kuma mota 'yar Kwatano ta bi hannaye da yawa, a gwada kowace da testa. Duk waya ko soket mai launin rawaya a ƙarƙashin sitiyari ko kujera, a nisance shi, na jakar iska ne. Kada kuma a ɗebi wuta daga fiyus na birki ko na kwamfutar inji.

Ƙwai biyu na wat 5 ba su kai amfiya ɗaya ba, huɗu kuma kusan 1.7 suke ci. Fiyus na amfiya 3 ko 5 ya wadatar. A irin masu ƙafa biyu da ake cusawa, na 5 ruwan ƙasa mai haske ne, na 10 ja, na 15 shuɗi, na 20 rawaya. Idan ka ga an cusa maka shuɗi ko rawaya a wannan layi, ka ce a canza, domin wayar tana iya ƙonewa kafin shi. A sa shi kusa da batir gwargwadon iko, tunda abin da ke bayansa kaɗai yake karewa. Wayar ta zama ta mota mai silli da yawa, kaurin milimita murabba'i 0.75 ko 1. Wayar gida mai silli ɗaya karyewa take yi da girgizar hanya. A haɗa da dalma ko a matse da abin matsewa, a rufe da robar nan da ke tsukewa idan ta ji zafi. Murɗa waya da hannu a naɗe da baƙin tef ba ya wuce bazara ɗaya, gam ɗin ya narke tef ya warware. Cikin modigadi kuma wuri ne na ruwa da laka, don haka mahaɗin ya kasance a sama, can cikin bonet. Duk inda waya za ta ratsa ƙarfe, a bi ta ramin da ke da roba. Launi kuma a bar shi ruwan ɗorawa. Ja a gaba yana rikita mai tahowa, shuɗi kuwa na motocin jami'an tsaro da na agajin gaggawa ne.

Kafin ka biya, ka gwada da kanka, da yamma inda za ka ga haske sosai. Fitila a kashe, ka sa sigina dama, ka sa hagu: na gefe su ƙyafta tare da manyan. Ka kunna fakin: su ci tsaye, manyan ƙwayayen sigina da kibiyoyin dashbod kada su nuna ko ɗan haske. Idan kibiya ta yi dishi-dishi, akwai ƙwan sigina da ya mutu ko mazauninsa ya yi tsatsa. Fakin na kunne ka sake sa sigina, ka tabbata suna karɓa-karɓa kuma saurin ƙyaftawar bai ƙaru ba. Ka zare makulli ka sa dobul sigina, ka leƙa dashbod, kada wata alama ta inji ta kama. Idan an yi da rile ka ga ka sa sigina hagu amma fitilun gefe biyu suna haske rabi-rabi, sabon fiyus ɗin ne ya ƙone, a nemo dalili kafin a sa wani. Daga nan ka bar fakin a kunne na rabin awa, ka ɗora bayan hannunka a kan murfin. Ɗumi ba laifi. Idan ba ka iya barin hannun a kai, a sauya ƙwan da na wat 3.